Amaryar da Anka Hana Kuka

Duk Buza an san bakin tsohuwa Zinariya. Sau ɗaya tak anka taɓa kada ta a gardama, kuma jikanyarta Munira ce ta kada ta. Wata Sallah yarinyar ta fito da gashi har kafaɗa, tsohuwa ta rantse gaban mata cewa wutsiyar doki ce anka ɗinka mata. Don ta nuna gaskiyarta ta kai hannu ta fizga. Gashi bai fito ba, ihun Munira ne ya fito, don nata ne na Allah, miƙar da shi kawai anka yi. Sai da Zinariya ta ba da kaza kafin a bar yi mata dariya a bakin famfo.

Yau kuwa za a kai Munira gidan mijinta Halidu a Bangi. Da safe ƙawayenta sunka tahi da ita salon, shagon kwalliya, a Madawa, ta dawo da gashin ido na mannawa, ta kuma ce ita ba za ta yi kukan amarya ba. Hankalin uwarta ya tashi. Amaryar da ta bar gidan ubanta da busasshen ido, dangin miji cewa suke ta ƙosa da gidansu ko ta matsu da namiji, kuma uwa ce ke shan maganar. To amma Munira ɗiyar fari ce, uwar ba ta ko faɗin sunanta, balle ta zaunar da ita. Sai ta je ta durƙusa gaban Zinariya, wadda ta goyi yarinyar tun yaye.

Bayan la'asar tsohuwa ta ɗaga labulen ɗakin amarya, ta kori ƙawaye waje da sandarta.

"...lafiya lau, Kaka, ina gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ke baiwar Allah, ko kin ga jikata? Nan na bar ta, wata ƴar mummuna mai idon ƙwaya."

"Ga ni gabanki, tsohuwa. Idonki ne ya ƙare."

"Wai! Ke ce bayan wagga tsintsiya? Ƙifta mu gani. Kai, sannu! Ki zo ɗakina da zafin rana ki zauna kina ƙiftawa, na huta da mahuci."

"Hassada ce. Ke da naki gashin idon ya bi haƙoranki."

"Nawa ya yi aikinshi ya yi ritaya. Wanga fa na wace dabba ne?"

"Ba na dabba ba ne. Cikin kwali yake zuwa, a ɗora shi kaɗan-kaɗan da kol."

"Kol? Irin wanda Mati mai faci ke liƙe tayar keke da shi?"

"Na ido daban ne! Ki duba da kyau. Ido ya buɗe, fuska ta fito. Ba sai na tsaya shafa tozali kullum safe ba. Mai hoto da kanshi ya ce bai ga amarya irina ba bana."

"Mai hoto ko akuya kinka ɗaura wa kallabi haka zai ce mata."

Zinariya ta matso, ta kama haɓar yarinyar ta juya ta wajen haske. A ranta ta san abin ya yi kyau, ja'irar ta koma kamar barewa. Amma ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba. Ta kuma lura gefen idon hagu ya yi ja.

"Wanga jan fa?"

"Ɗan yaji ne kawai. Mai salon ta ce zai bari."

"Haka anka ce wa ɗiyar Jima mai waina. Ido ya kumbura kamar ƙwan zabo, anka kwashe ta sai likita. Da anka ɓamɓare na kanti, na Allah ya bi shi. Har yau in ta dube ka kamar kaza ta fito ruwan zafi."

"Ita a kasuwa anka manna mata, da hannun da anka gama cin awara. Tawa sai da ta wanke hannu da sabuni ina kallo."

"Madalla. To mi ta ce game da kuka?"

Munira ta gyara zama. "Ta ce kol bai gama kamawa ba sai gobe. Ban da murza ido, ban da tururin tukunya, ban da hawaye."

"Alwala fa? Ko ita ma sai gobe?"

"Ruwan sanyi a hankali ba ya komi. Hawaye ne mai zafi da gishiri."

"Ikon Allah! Mu da munka yi aure, kwana munka yi muna kuka har murya ta dushe. Ke an ba ki ranar da za ki fara."

"Ke ai dole ki yi kuka, kin ga fuskar kakana."

"Bar kakanki ya kwanta lafiya, ya fi Halidunki wuya da tsawo. Gaya mini, in gwaggwannin Bangi sunka zo, mi za ki ba su?"

"Kukan baki. Ina cikin mayafi, wa zai gani?"

"Yi mu ji."

Munira ta ja mayafi ta rufe kai, ta saki wata ƙara siririya tana girgiza kafaɗa.

"Tsaya, tsaya! Wagga ai moto ce ta ƙi tashi. Ƙara wani."

Ta ƙara.

"Yanzu kuma akuya ta maƙale a dangan Yaƙubu. Ke, babbar gwaggon Halidu na san ta tun muna ƴan mata. Mayafi take ɗagawa ta duba ido, kamar mai sayen rago. Ta ga ido ƙamas, kafin mota ta kai Bangi an gama da uwarki."

Munira ta sauke mayafin. Dariyar ta ragu a fuskarta. "Kaka, sau ɗaya ake auren fari. So nake in shiga gidan nan da kyauna, su san ba daga rugga anka ɗauko ni ba. In na yi kuka ya ɓalle, in shiga da ido ɗaya mai gashi ɗaya babu?"

"Sai su ce an kawo musu mata biyu a sadaki ɗaya."

"Ni dai ba ni kuka. Ko albasar Galmi duka za ki yanka a ɗakin nan."

Tsohuwa ta murza kan sandarta. Ta ga zagi ba zai yi ba, tsoro ma bai yi ba. Sai ta miƙe kamar mai tahiya, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Shi ke nan, zauna da tsintsiyarki. Ni ma hutu ya zo mini. Tun da anka sa ki lalle kinka bar ɗakina, ba mai minshari, ba mai sace mini goro. Tabarmarki ma na naɗe ta. Jiya da asuba dai na ce, ‘Munira, miƙo buta.’ Na sake faɗi. Na zage ki tas, ke da barcinki na gado. Sai da na kai ƙafa in taɓa ki..."

Da niyyar tarko ta fara maganar, amma muryarta ta ci amanarta a tsakiya. Ta tsaya ido cike da ƙwalla, tana hararar bango kamar shi ya yi mata laifi.

"Kaka..."

"Kaka mi? Hayaƙin girki ne."

Munira ta taso ta faɗa jikinta. Ba moto, ba akuya: kuka na gaske, mai shessheƙa, har ƙawayen da ke laɓe bayan labule sunka kama nasu. Can tsakar gida uwar ta ji, ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi. Kafin Zinariya ta riƙe mata hannu, yarinyar ta kai bayan hannu ta murje ido. Da ta ɗago, rabin gashin hagu na lilo a kumatunta.

"Wayyo, yaji! Kin gani ko? Kin kashe ni, muguwar tsohuwa!"

"Kar ki ja! Sauke hannunki, kar ki tumɓuke na Allah. Ke mai leƙe, kawo man shanu da ruwa!"

Ta zaunar da ita, ta riƙa shafa man da ɗan yatsa sannu-sannu har kol ya saki, na hagu da na dama duka. Ta wanke mata ido, ta duba. Ja ne, amma nata gashin na nan, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Daga nan ta kwance bakin zanenta ta fiddo tandun tozalinta, ta zizara mata, ta danƙa mata tandun a hannu.

"Tahi da shi. In ya ƙare ki zo da kanki, ba aike ba."

A waje motocin Bangi sun fara oda, mata na guɗa. Munira ta dubi madubi, ido jajur, tozali ya zauna ɗas. Ta yi dariya cikin hawaye, ta tsince gashin kantin daga kan tabarma ta miƙa wa kakarta.

"Kin ci, tsohuwa. Ga tukuici. Ki manna, ko Allah ya sa wani makaho ya taya."

Zinariya ta ture hannun da kan sanda, ta ja mata mayafi ta rufe fuska.

"Rufa wa garin nan asiri, ɗiyar nan. Da tozali kaɗai sai da kakanki ya yi dambe da rabin Buza. In na ƙara da wanga, ke kanki sai kin ɗaure Halidu a turke."