Filin da Gara Ta Cinye

A wani daji da ke bayan duwatsu, dabbobi sun daɗe da daina yarda da bakin juna, don haka duk hukuncin majalisa sai an rubuta shi a ɓawon itace. Rubutunsu ba shi da ɗigo ko waƙafi. Akwai tambarin buɗewa a sama, tambarin rufewa a ƙasa, a tsakani kuma kalmomi ne da filin da ke raba su. In magana ta ƙare, a sauka sabon layi.

Da rumbun ajiya ya cika, majalisa ta ɗauki Gara aikin rage kaya. Umarnin gajere ne: duk abin da ba magana ba, a cinye. Gara kuwa ba ta da ƙyuya. Takan bi ɓawo ta cinye inda ba rubutu, ta haɗe sauran da laka. Rumbu ya samu wuri, aka yaba mata.

A ranin wannan shekarar ne Barewa da Gada suka yi shari'a a kan wani ɗan tafki. Barewa ta tsufa, ƙafarta ta baya ba ta taka ƙasa sosai, in kuma ta rasa tafkin, ba wani ruwa sai kogin da ke hayin hanyar maharba. Tana tsaye a gaban majalisa Ɓauna, shugaban zama, ya yanke hukunci, Malam Hankaka magatakarda ya rubuta layi biyu. Na sama: Barewa ta fi. Na ƙasa: Gada ta bar tafki. Barewa ta koma gida da ɗingishinta da farin cikinta, ɓawon kuma aka kai shi rumbu.

Ranar da Gauraka mai shela ya zo bakin tafki da ɓawon, sai da ya juya shi sama da ƙasa. Abin da ke tsakanin tamburan ya zama tsutsa guda: Barewatafigadatabartafki. Ya gyara murya.

“Majalisa ta ce: Barewa, tafi. Gada ta bar tafki. Ke nan ku duka ku kama gabanku.”

“Tafi kuma?” in ji Barewa. “Malam, sake dubawa. Ta fi aka ce. Ina wurin.”

Dila, wanda ya tsaya wa Gada a shari'ar, ya leƙo ta kafaɗar Gauraka. “Ai Iya ta yi gaskiya, ta fi ne. Ga shi ɓaro-ɓaro: Barewa ta fi Gada, ta bar tafki. Babba juji ne, Iya. Girmanki aka duba aka ce ki bar wa yarinya.”

“To ni in sha ko kada in sha?” in ji Gada.

Barewa ta ƙura wa ɓawon ido. Duk yadda aka karanta, haruffan sukan amsa. Har ta fara tantamar kunnenta.

Aka koma majalisa. Barewa ta durƙusa iyakar yadda ƙafar ta bari. “Ranka ya daɗe, kai ka faɗa da bakinka. Tuna mana kawai.”

Ɓauna ya daɗe yana tuƙa kafin ya ce, “Baiwar Allah, da majalisa na dogara da tunawa, da ba mu wahalar da itatuwa ba. Magana zarar bunu ce, shi ya sa muke ɗaure ta a ɓawo. In na tuna miki yau, gobe kowa zai zo in tuna masa, rubutu kuma ya zama me? Abin da na faɗa shi ne abin da ke rubuce. Abin da ke rubuce kuwa, shi muka taru mu gano.”

Hankaka ya rantse ya bar fili. Aka tambaye shi a ina. Ya kai baki zai nuna, ya tarar da laka.

Sai aka kira Gara. Ta yi magana a hankali, kamar mai bayar da rahoto. “Allah ya ba shugaba nasara. An ba ni haruffa, na mayar da haruffa. A ƙirga. In an samu ko ɗaya ya ɓace, a rushe gidana. Abin da na ci, ba komai ba ne. Yanzu ana tuhumata da cin ba komai. To a faɗa mini, wanda ya saci babu, me zai mayar?”

Kowa a majalisa ya gyaɗa kai, don ba wanda ya so a ga bai gane ba.

“Amma babun nan ruwana ne,” in ji Barewa.

Jimina ta miƙe ta ce ita a ganinta fili iri biyu ne, akwai na ado, akwai na ma'ana, sai a riƙa cin na ado. Gara ta tambaya yaya za ta bambanta su, tunda ɗanɗanonsu ɗaya. Jimina ta ce wannan aikin kwamiti ne. Bushiya ta kawo shawarar a riƙa soka gashin zabuwa a tambarin buɗewa na duk hukuncin da ba a so a taɓa filinsa. Wannan ta samu karɓuwa, aka tafa, Zabuwa kaɗai ta ƙi tafawa. Aka yi muhawara mai tsawo a kan ko gashin wuya ko na fiffike.

Barewa ta jira har suka gaji. “To nawa hukuncin fa, ranka ya daɗe?”

“Naki ya riga gashi zuwa,” in ji Ɓauna. “Doka ba ta tafiya da baya. Garin gyaran gira ba ma tsone ido ba. Karatu uku aka kawo mana, kowanne da hujjarsa, majalisa kuma ba ta zaluntar karatu. Za a killace tafkin har a tantance. Mugun Dawa zai yi gadi.”

Mugun Dawa, aladen dajin nan, ya karɓi aikin da hannu biyu. Kafin la'asar ya shige tsakiyar ruwan ya kwanta, don gadi daga ciki ya fi tabbas.

Barewa ta yi kwanaki tana zuwa bakin shingen ƙaya, tana kallon ruwan yana komawa taɓo. Wani lokaci Gada kan tsaya gefenta.

“Yaya, wai tsakaninmu wa ya ci shari'ar nan?”

“Da na sani, ƙanwata. Yanzu ban sani ba.”

Da ƙishi ya kai wa Barewa iya wuya, ta juya ta nufi hayin hanyar maharba, tana jan ƙafa. Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya ga dawowarta.

A zama na gaba aka duba, aka tarar kowa da ke wurin yana nan. Inda Barewa ta saba durƙusawa fili ne kawai, majalisa kuwa ta riga ta san abin da ake yi da fili.