Zanzaro a Tankin Alhaji

"Lafiya lau, ragon miji. Ya aiki, in ana yi?"

"Alhamdu lillahi, amarya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Hajiya Furera ke nan da jikanta Nu'uman, a Ƙofar Durbi, shekarar da soja suka koma bariki. Jiya-jiya ta fita takaba, yau da safe kuma saƙo ya zo daga Daura: ƙanwarta Muhsina na kwance, bakinta ya yi nauyi, sunan Furera kaɗai take kira. Shi ya sa Nu'uman ya baro ofis ya tada Fijon marigayi kakansa, wadda ta yi wata huɗu da kwana goma a rumfa.

Suka tsaya gidan mai. Ana sa bututu, tanki ya amayo fetur har kan takalmin Nu'uman. Sau uku ana gwadawa.

"A cike take," in ji shi. "Mu tafi."

"Allurar fa? Ga ta can kwance ƙasa."

"Geji ne ya lalace. Tsufa ne, ke ma ai kin san shi."

"Ni na tsufa? Ni da na ƙi sarakuna bakwai na zaɓi kakanka?"

"Su suka gudu. Sun ga yadda kike cin tuwo."

"Kai da sai da ka shekara goma ana ɗaura maka wando!"

Ya buɗe baki zai rama, sai ta ɗaga hannu da carbi ta tsayar da shi.

"Nu'umanu," ta ce a hankali, "in motar nan ta mutu mana a daji, wa za ya kai ni? Ni da Muhsina, mu biyu muka saura."

Ya fasa tada motar. Ta ci gaba:

"Shekarar da Alhaji ya tafi Makka haka ta yi. Leƙa ƙasa, kusa da wuyan tanki. Akwai siririn tiyo da iska ke fita. In mota ta daɗe ajiye, zanzaro ke gini ciki."

"Yaushe kika zama makanike?"

"Tun kana tsoron akuya. Duƙa!"

Nan ma'aikacin gwamnati ya kwanta ƙasa da farin kaftani. Ta miƙa masa tsinken sakace. Ya zura, ya juya, busasshen laka ya zubo masa a ido. Aka sake sa bututu, mai ya dinga shiga ba gardama. Da ya murɗa makulli, allura ta miƙe.

Ya daɗe yana kallonta. Da ya bi nasa, ko garin Mashi da ke kan hanya ba za su kai ba.

"Na sallama, amarya. Amma na sake ki, kin ɓata mani kaftani."

"Saki nawa ke nan? Kullum kai ke dawowa biko."

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi, ta ɓantaro goro ta sa masa a tafi.

"Ungo ladan duƙawa. Taka ta, in iske 'yar'uwata tana gane murya."