Ranar da Na'Allah Ya Hana Delu Hawa Kan Buhuna

A bakin kakata Delu na fara jin sunan Na'Allah, kuma cikin zagi na ji shi. Ina 'yar shekara shida wani kamiyo, babbar motar kaya, ya wuce ta bayan gidanmu a Gazawa yana danna oda, sai ta ajiye muciya ta ce, "Ga mai take kajin mutane nan, Na'Allah mai kai kamar tulun da ya faɗi." Na ɗauka wani mugu ne. Sai da na yi wayo na gane ɗan kawunta ne, taubashinta, kuma duk duniya ba wanda take murnar gani kamar shi.

Ya fi shekara talatin yana jan kamiyo tsakanin Gazawa da Gidan Rumji, kuma duk tafiyar da kakata za ta yi can ƙoli take zama, a kan buhuna. Bara sandikar direbobi, wato ƙungiyarsu, ta tara su a garin Age aka yi musu horo na mako biyu. Da ya dawo ya tsaya tsakiyar tasha ya rantse ba zai ƙara ɗora mutum a kan kaya ba. Mutane suka yi dariya, suka ce a bari ranar da Delu za ta yi tafiya, tunda taubashi ba ya hana taubashiyarsa.

Ranar kuwa ta zo. Innata Mansura ta haihu a Gidan Rumji, ana gobe suna na raka kakata tasha da hantsi. Muka tarar da motar Na'Allah cike da wake, mutum wajen ashirin tsaye gindinta da ƙunshinsu. Kowa ya san in Delu ta hau, shi ma ya hau.

"Lafiya lau muka kwana," in ji kakata da ya gaishe ta, "ganin ka ne kawai ya ɓata mani safiya."

"Baiwa, haka ake gaida ubangida? Durƙusa."

"In durƙusa ma wa? Gwiwata ta fi kanka daraja. An ce ka shiga lakol, ka koma ɗan makaranta da furfura. Sun ba ka alli ka cinye?"

"Na dai shiga. Ke ko ƙofar lakol ba ki san inda take kallo ba." Ya juyo gare ni. "Amaryata Raliya, yaushe za ki bar bin wannan tsohuwa ki tare gidana?"

"Ranar da ka yi sabbin haƙora, Kaka," na ce.

"Kin ji ko? Kin lalata mani yarinya."

"Bar ta, kai nake tambaya. Me suka koya maka? Wanda ya karantar da kai, kana tuƙi ana goye da shi."

"Ya koya mani cewa in na taka birki a nan da wannan lodin, sai na kai wancan iccen bedi kafin motar ta tsaya. Da ƙafa muka auna."

"Shekara talatin ba ka san wannan ba?"

"Ƙafata ta sani, kaina ne bai sani ba."

"Ai kanka dama bai taɓa sanin komi ba, ɗaukar hula kawai ya iya. Matsa in hau."

"Ga wurinki can." Ya buɗe ƙofar gaba. "Na share shi tun asuba, har matashi na sa."

Kakata ta leƙa, ta ja baya kamar ta ga maciji.

"Ni zan shiga wannan gwangwanin? Kowa ya san in mota ta yi karo na gaba ke fara tafiya. A sama kuwa, in ta karkace sai in yi tsalle in dira."

"Ke za ki yi tsalle? Ke da sai an ja ki kike tashi daga tabarma?"

"Na taɓa dira daga kan raƙumi."

"Ina wurin. Raƙumin a durƙushe yake, kuma kwana uku kika yi ana gasa maki ƙugu."

Mutane suka fashe da dariya. Kakata ta nuna ɗamarar da ke jikin kujera.

"Wannan igiyar fa?"

"Da ita zan ɗaure ki."

"Ni akuyar kasuwa ce?"

"Akuya ta fi ki daɗin tafiya. Ita in an ɗaure ta sai ta yi shiru."

"To ka je ka ɗaure uwargidanka. Ni a kan buhu aka kai ni gidan miji, a kan buhu na je haihuwar kowane jika, a kan buhu zan je wannan."

"A kan jaki aka kai ki, shi ma sai da ya yi kuka."

Kakata ta juya masa baya. Ta miƙo mani ƙwaryarta, ta ɗaure zane, ta kama ƙarfen gefen motar ta ɗora ƙafa a kan taya. Nan take na ji motsi a bayana, kowa ya sunkuya ya ɗauki ƙunshinsa.

Na'Allah ya hau ya kashe motar, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya sauko ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu.

"To waken nan ya tsiro a nan," ya ce.

"Mai kayan zai kore ka."

"Ya kore ni."

"Dubi ƙaton banza! Jandarma kake tsoro? Bar ni da su, ni zan yi masu magana."

"Ba jandarma ba ne, Delu. Amadu ne."

Ban taɓa jin ya kira ta da sunanta ba sai ranar. Amadu mutumin Gidan Sori ne, mai sayar da igiya, abokinsa tun suna samari. Shekara biyu kafin nan barci ya ɗauke shi a kan buhunan Na'Allah, motar ta faɗa rami bayan Cadawa, ya faɗo ya rasu. Duk garin an sani, amma ba mai ambatar sa a gaban Na'Allah. An ce kwana ne ya ƙare, aka bar zancen.

"Na saman sun yi ta ihu suna bugun motar," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ban ji ba. Ina ta tafiya ina cin gorona har kusan kilomita uku. A wurin horon nan aka ce wanda mutum ya taɓa faɗowa daga motarsa ya ɗaga hannu. Na zaci ni kaɗai ne. Mu tara muka ɗaga."

Kakata tana nan maƙale, ƙafa ɗaya a kan taya. Ya ɗago ya dube ta, ya yi ƙoƙarin murmushi.

"In kin faɗo, ba ke nake ji ba, kwaltar nake tausayi. Amma wa zan riƙa zagi? A ina zan samu baiwa mai muni irin naki da tsufana?"

Can ta ce, "Raliya, kama ni in sauka. Wannan tayar tasa ma santsi gare ta kamar kansa."

Na kama ta ta dira. Ta kakkaɓe hannu, ta juya wajen mutanen da ke riƙe da ƙunshi.

"Ku kuma me kuke kallo? In ni Delu ban hau ba, uban wa zai hau? Ga taksin Maraɗi can yana neman mutane, ku tafi tun bai cika ba."

Wasu suka yi gunaguni, amma suka watse. Ta taka zuwa ƙofar gaba kamar ita ta sayi motar.

"Kada ka ɗauka ka yi nasara. Gwiwata ce ke ciwo."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Kuma ba kai za ka ɗaure ni ba, hannunka warin mai yake. Jikata za ta yi."

Na ja ɗamarar na ɗaura mata. Ta kwance bakin zanenta ta ciro farin goro, ta jefa masa a cinya.

"Ungo, ka tauna da haƙoran nan uku, kada ka yi mani gyangyaɗi a hanya."

Ya yi dariya har sai da ya share ido da hularsa, ya tada mota.

Ina tsakiyarsu muka kama hanya. Kakata ta ce ba za ta runtsa ba, ita za ta riƙa nuna masa ramuka tunda makaho ne. Ba mu kai Age ba barci ya kwashe ta, kanta ya karkata, ɗamarar ce ta riƙe ta. Na'Allah ya dube ta sau ɗaya, ya maida ido kan hanya. Sai da muka wuce Cadawa ya rage gudu a wani wuri da ba na ganin komi sai karan gero, leɓensa na motsi. Da ya shafa addu'a da hannu ɗaya, ya kira sunana.

"Raliya, an ce ke ce ke rubuta labarin gidanmu, haihuwa da mutuwa da komi."

"Ni ce, Kaka."

"To in kin zo kan wannan, duk zagin da tsohuwar nan ta yi mani ki sa, kada ki rage. Abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki ce wani fasinja ne ya faɗo. Ki ce Amadu ne, na Gidan Sori, mai igiya, kuma yana da 'ya'ya huɗu."