Babur Ɗin Sabi'u Ya Yi Shiru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, Sabi'u Indabawa, mai dakon nama a unguwar Fegge ta Anaca, yana sanar da rasuwar babur ɗinsa mai ƙafa uku, wadda ta auku ranar Talata da hantsi, a kan hanyar kasuwa, da cinyoyin saniya biyu a bayansa.

Marigayin ya shigo gidan ne a shekarar da Hausawa suka fara komowa bayan yaƙin basasa. Mai haƙuri ne, ba ya zaɓen kaya, ba ya ƙyamar jini. Muryarsa ƙasa-ƙasa take: kut-kut-kut, kamar dattijo yana gyaran murya.

Wannan murya ita ce babban aikinsa. Tabawa, mahaifiyar Sabi'u, ta rasa babban ɗanta a lokacin tashin hankali. Ya fita da safe, bai dawo ba. Tun daga nan ba ta sa loma a baki sai ta ji babur ya karyo kwanar layinsu. Sai idonta ya raunana, kunne ya bi baya, ga manyan motocin siminti sun cika gari da ruri. Sabi'u ya riƙa tarar da ita da yamma a bakin ƙofa, tuwo ya huce a gabanta.

Shi ya sa ya kai marigayin wurin Ma'aruf mai walda. Ma'aruf ya farke salansa, ya kwashe abin da ke cikinta, ya liƙa bututu mai faɗi.

"Maigida, har gudu zai ƙara," in ji shi. "Iya kuwa, ko tana ƙuryar ɗaki sai ta ji."

Gudu ya ƙaru. Tabawa ta ji, ta ci tuwonta da zafi. Amma sabuwar muryar ta-ta-ta-tau ce, kuma garin bai manta da irin wannan ƙara ba. Ran da ya fara yin ta a bakin babbar kasuwa, mata masu kifi suka zubar da farantai suka kwanta a ƙasa. Wata ta daɗe ba ta tashi ba.

Liman ya kira Sabi'u bayan azahar. "Ɗana, jiya-jiya muka dawo. Da ƙyar ake amsa mana gaisuwa. Ka rufe bakin abin nan."

Sabi'u bai iya musa wa liman ba, bai kuma iya barin uwarsa da yunwa ba. Sai ya riƙa cusa soson ƙarfe a bututun kowace safiya, ya ratsa gari shiru, in ya iso bakin layinsu da yamma ya zare da filaya. Nan jinyar ta fara. Marigayin ya soma tari, jikinsa ya riƙa zafi, hayaƙi na fita ta inda bai saba ba. Ran Talata, a tsakiyar hawan tudu, ya ce kut sau ɗaya, ya tsaya. Ma'aruf ya buɗe injin, ya duba, ya mayar da murfi.

Marigayin ya bar ƙafa uku masu sauran rai, da fitila ɗaya, da mahautan da yanzu ke ɗauko nama a ka. Ya bar Sabi'u, wanda ke dawowa gida a ƙasa, ya durƙusa ya kama hannun tsohuwa.

"Ni ne, Iya."

"To, ban ji ka shigo ba," in ji ta, kunnenta na wajen layi.

Za a tura gawar zuwa wurin 'yan gwangwan ranar Asabar bayan la'asar. Ana neman majiya ƙarfi. Za a karɓi gaisuwa a rumfar mahauta. Don Allah kada kowa ya biya ta gida, kuma kada a bi da gawar ta layin. An gaya wa Tabawa yana wurin gyara, kullum tana tambaya ko ya samu sauƙi.