Sawun Sarkin Rami

Duk wanda bai taɓa ganin Alhaji Sharafaddeen Datti yana tura ƙwallon golf cikin rami ba, ya tausaya wa kansa, don bai ga Jos ba tukuna. Allah ya yi wa garin nan baiwar sanyi da duwatsu da dankalin Turawa, da wayar salula ta shigo kuma sai ya cika masa ni'ima da Alhaji. Da can atamfa yake sayarwa a wani lungu na Gangare. Katin waya ne ya ɗaga shi. Likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa saboda tumbi, shi kuwa ya duba ya ga tafiyar da ta dace da mai matsayinsa ita ce wadda ake bin mutum da jakar sanduna a baya. Haka ya shiga kulob ɗin golf na bayan gari, kafin shekara biyu ya zama kyaftin. 'Yan kulob suka laƙaba masa Sarkin Rami. Ya ɗauka sarauta ce, har ya sa aka buga masa a kati.

Gaskiya dai a faɗe ta, daga nesa Alhaji ba shi da saiti. In ya zabga wa ƙwallo sanda tana iya faɗawa kududdufin tsohuwar haƙar kuza, tana iya samun saniyar da ba ta ci masa komai ba. Amma da zarar ta hau dandalin da ke kewaye da rami, inda ake tura ta a hankali, magana ta ƙare. Zai durƙusa da kyar, ya kanne ido ɗaya, ya zagaya ramin sau uku yana gyaɗa kai, sannan ya taɓa ƙwallo ta miƙe sambal ta faɗa.

"Ƙasa magana take yi," in ji shi ga duk wanda tsautsayi ya tsayar kusa da shi. "Ku kuna kallonta, ni ina sauraronta. Wannan ba a koya wa mutum shi. Ko a Turai mu ba mu fi a ƙirga mu da yatsu ba."

Dandalin kulob ɗin nan ba ciyawa ba ce irin ta talabijin. Yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai. Al'ada kuwa ita ce kafin kowa ya yi turi, sai ma'aikaci ya ja wani faffaɗan katako daga ƙwallo zuwa rami, ya goge sawun ƙafafu. Babban mai jan katako shi ne Chuwang, dattijon da ya shekara talatin a bakin aikin, don haka shi ke bin ayarin kyaftin rami-rami. A shekarar farko Alhaji ya taɓa kuskuren rami, ya tsayar da Chuwang a rana ya yi masa lacca ta minti arba'in a kan halayyar yashi. Daga ranar, duk lokacin da Chuwang zai ja wa Alhaji katako sai ya ɗan karkata gefensa, ya bar wata siririyar kwata da ido ba ya kamawa, tun daga ƙwallo har bakin rami. Ko akuya ta shuri ƙwallon nan sai ta faɗa. Ba don ƙauna yake yi ba, kunnensa yake karewa.

Da wannan baiwa, da kuma ladabin abokan wasa waɗanda suka san lokacin da ya kamata hannunsu ya yi rawa, Alhaji ya ci kofin kyaftin sau huɗu a jere. Shi ya sayo kofin, sunansa ne a jiki, shi kuma ya rubuta dokar cewa wanda ya ci sau biyar a jere ya tafi da shi gida har abada. Tun watan Mayu kafinta ya gama masa akwatin gilashi mai ƙwan lantarki a tsakiyar falo. Baƙi sukan tarar da fitila tana haska akwatin da babu komai a ciki, Alhaji ya ce musu, "Mai wurin yana hanya."

Sai kuma takalminsa na golf. Fari ne fat, an jera masa ƙusoshi a tafi cikin siffar kambin sarauta. Alhaji ya ce daga Italiya aka aiko masa. Obiajulu mai ɗinkin takalma na Titin Bauchi, wanda ya yi mako guda yana jera ƙusoshin nan, bai taɓa musanta masa ba.

Matsala ta faro ne da Alhaji ya je Dubai sarin wayoyi ya hango filin golf ta tagar tasi. Ya dawo da ciwon rai. Ya tara kwamiti ya ce abin kunya ne mutum irinsa ya ɗauki kofin har abada a kan baƙin mai kamar bakanike. Dole a mayar da dandalin rami na sha takwas, na ƙarshe, wanda ke gaban barandar kulob, ya zama ciyawa. Aka kwashe yashi, aka kawo tifar taki daga Vom, aka dasa ciyawa. Ta kuwa yi kore shar, ba ƙarya.

Chuwang ya same shi ya cire hula. "Ranka ya daɗe, ciyawa ba yashi ba ce. Ƙasar ɗanya ce, ga ruwan Agusta. In ana taka gefen rami zai lotsa, bakin ramin ya tashi kamar bakin tukunya. Ƙwallon da ta zo a hankali za ta kauce. A riƙa canza wa ramin wuri, a rage takawa."

Alhaji ya dube shi daga sama har ƙasa. "Chuwang, ka taɓa hawa jirgin sama?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To."

Ramin bai motsa ba, don Alhaji ya zaɓi wurin ne yadda hoto zai kama baranda da tuta. Amma shawarar rage takawa ta shige shi. Ya sa aka kewaye dandalin da igiya, ya hana kowa shiga, har mai yankan ciyawa sai ya cire takalmi. Mutum ɗaya ne dokar ba ta hau kansa ba. Kullum da la'asar zai kwaso baƙi ya jera su a bayan igiya, shi kuma ya shiga da farin takalminsa da buhun nauyinsa, ya yi ta zagaya ramin yana bayanin yadda ƙasa ke yi masa magana. Mako uku ana haka. Ranar gasa da safe ma, bayan an kwana ana ruwa, a bakin ramin ya tsaya ya yi jawabin buɗe taro, yana tattaki hagu da dama kamar mai kirɓa ƙasar gini.

A bana an samu wadda ba ta da ladabi. Madam Theodora ce, mai shagon kayan gyaran mota, wadda ta shiga kulob bara, take zuwa atisaye tun da sassafe. Ba ta san ana bari kyaftin ya ci ba, ko kuwa ta sani ta ƙi. Ita kaɗai ce ta tsaya da safen nan ta tambayi Chuwang, "Baba, wannan sabon ciyawa, yaya zan yi da shi?" Ya ce, "Kada ki lallaɓa, 'yata. In kin zo kusa ki buga da ƙarfi."

Suka iso rami na ƙarshe Alhaji yana gabanta da bugu ɗaya tak. Ƙwallonta na nesa, tasa taku biyu daga rami. Theodora ta yi turi ɗaya ta matso, ta ƙara na biyu da ƙarfi kamar mai buga ƙusa, ƙwallo ta haye tudun bakin ramin ta faɗa. Yanzu turi biyu ya ishi Alhaji ya kai kofi akwatin gilashi. Uku kunnen doki ne. Huɗu kuwa ba a ma kawo shi a lissafi ba.

Ya durƙusa, ya kanne ido, ya zagaya sau uku. Sannan ya waiga, bisa sabo, yana jiran a ja masa katako. Chuwang na zaune a gindin bishiya da katakonsa a cinya, don ciyawa ba a ja mata katako. A nan ne gaban Alhaji ya faɗi, bai kuma san dalili ba.

Ya taɓa ƙwallo a hankali yadda ya saba. Ta taho tiryan-tiryan, saura ɗan yatsa ta shiga sai ta yi kwana ta koma hagu. Ya sake, ta koma dama. A turi na uku ta hau bakin ramin, ta leƙa ciki, ta fasa, ta gangaro ta tsaya a gaban takalminsa. Ta shiga a na biyar.

"Maƙarƙashiya ce," in ji Alhaji. "An shigo an tattake mini dandali. Kada kowa ya bar wurin nan. Na kafa kwamitin bincike, ni ne shugaba. Duk mai ƙafar da ta yi wannan ɓarna, ko ɗan uban wane ne, an dakatar da shi shekara guda. Chuwang, zo ka nuna mana sawun."

Chuwang ya taso bai yi sauri ba. Ya tsuguna, ya kwantar da ciyawar da tafin hannu. Mambobi suka tsallake igiya suka sunkuya. Ga su nan a ɗanyar ƙasa, sun yi wa ramin zobe, wani kan wani: kambi, kambi, kambi.

"Ranka ya daɗe," in ji Chuwang, "shekara shida ina goge sawun nan a yashi. Ciyawa ce ba ta goguwa."

Theodora, da kofi rungume a ƙirji, ta ce, "Oga kyaftin, ɗaga ƙafa mu gani mana."

Alhaji bai ɗaga ba. Ya ce kwamiti zai yi zamansa a asirce.

Bayan kwana uku aka manna rahoto a allon sanarwa na kulob, da sa hannun shugaba. Kwamiti ya yi bincike mai zurfi ba sani ba sabo, ya gano mai laifi, ya kuma zartar da hukunci ba tare da duba matsayin kowa ba. An dakatar da takalmin na tsawon shekara guda. An kuma gano, cikin takaici, cewa ashe ba na Italiya ba ne.