Rasuwar Kwamfutar Gidan Mama Esta, Mai Daƙiƙa Tara a Duniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau bai rabu da ƙaurin roba ba, ni Tobiya, autan marigayiya Mama Esta ta Majidaɗi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi bayan gajeruwar rashin lafiya. Ta rasu tana da daƙiƙa tara a duniya.

Marigayiyar 'yar dangi ce gaba da baya. An haɗa ta ne domin aiki ɗaya: in tace bidiyon mahaifiyarmu na shekara shida tana ba da waƙa a Zumuntar Mata, a nuna shi ranar cikarta shekara da rasuwa. Duk abin da ya rage mana na muryar Mama yana kan faifan ajiya guda ɗaya, ba shi da kwafi, kuma ni na ɗaura shi a cikin marigayiyar da hannuna.

Dangi suka ce ba za a bar min ɗawainiya ni kaɗai ba, kowa zai kawo gudummawar kaya. Na zauna na rubuta takarda: wane farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ne ke zama a gurbin wane allon haɗa kayan ciki, wane irin ram na riƙe aiki, tsawon katin sarrafa hoton da zai shiga akwatin kwamfutar, da ƙarfin wutar da za ta ɗauke su duka. Na tura wa kowa a waya. Kowa ya amsa da amin, babu wanda ya karanta.

Yaya Miriam ta aiko akwati daga Abuja, mai gilashi da fitilu kala bakwai, wanda ta zaɓa don ya dace da labulen falo. Yaya Zacchaeus ya aiko katin hoto daga Legas, mafi girma a shagon, don kada a ce Miriam ta fi shi. Katin ya fi akwatin tsawo da yatsa uku. Sai da wani mai walda a Yelwa ya yanke wa marigayiyar haƙarƙari kafin ya shiga. Ta jure, ba ta ce uffan ba.

Sannan Kawu Timoti ya iso, ƙanin Mama, wanda ya shekara talatin yana gyaran rediyo a Sunkani, kuma ba a taɓa jin rediyon da ya shiga hannunsa ya sake magana ba. Shi ya kawo fawa, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta. Sabuwa fil, amma ya manta wayoyinta a gida, ya zo da na wata tsohuwa a leda. A ƙasan takardata na ja wa wannan magana layi biyu: ba a sa wayar wata fawa a jikin wata, ko da bakin ya shiga, domin tsarin cikinsu ba ɗaya ba ne. Na buɗe baki zan faɗa, sai ya ɗaga min hannu.

"Waya waya ne, Tobiya. Tunda ya shiga, ya yi. Ni na riƙe ka ranar baftisma naka, yau za ka koya min wuta?"

Takardar tana aljihuna. Na yi shiru irin na ɗan da ya samu tarbiyya. Kawu ya cusa wayoyin, ya yi addu'a, ya danna maɓallin kunnawa.

Fankokinta suka ce fuuu. Fitilun Yaya Miriam suka kama, kala bakwai cif, har an fara tafi. Faifan ya ce ƙas, ƙas. Sai tas! Wani siririn hayaƙi ya fito ta inda mai walda ya yanka. Kawu ya ce laifin wutar gari ne. A kan janareta muke.

Muna shaidar marigayiyar da kyawun hali. Ba ta taɓa maƙalewa a tsakiyar aiki ba, ba ta taɓa kamuwa da cuta ba, ba ta taɓa ɓata wa kowa lokaci ba. Ba a ba ta dama ba ne.

Ta rasu ta bar farosesa ɗaya da ram biyu, marayu, da katin hoton da har yanzu ya fi kowane akwati a Jalingo tsawo, da kusoshi huɗu da ba a san daga ina suka fito ba. Wayoyin Kawu suna nan cikin ƙoshin lafiya, ya ma tambaya ko zan mayar masa. Faifan muryar Mama kuwa ya bi ta lahira. Masu gyara uku sun duba shi, har da wani a Yola, kowa ya girgiza kai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a gidanmu, tare da taron tunawa da Mama, tunda an riga an kafa rumfa. Za a ajiye gawar a gaban farin ƙyallen da muka rataya don nuna bidiyon, a kunna fitilun Yaya Miriam, domin su kaɗai ke aiki. An keɓe wa Kawu Timoti kujerar gaba. Idan lokacin waƙa ya yi, shi zai tashi ya rera mana ta shekara shidan nan, da muryar yayarsa. Ana roƙon jama'a kada kowa ya kawo gudummawar kaya.

Za a binne ta tare da takardar. Masu gaisuwa su same ni a bayan rumfa, kuma kada wanda ya ce min ƙaddara ce. Na san abin da wayar nan za ta yi tun tana cikin leda. Karon farko ciwo ne ya rufe wa Mama baki. Wannan karon ladabina ne.