Maɓallin Verna a Gwangwanin Biskit

"Lafiya lau, Kaka, sai dai an ce kin ɓace," in ji Dorian, yana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmansa.

Shekara talatin ina maƙwabtaka da Verna a garin Duluth, ban ga mai iya wa bakinta ba sai wannan jikan nata. 'Yarta Gail, uwar Dorian, ta gindaya mata sharaɗi: ko ta rataya wani ɗan maɓalli mai aika sigina a wuya, ko ta koma gidan kula da tsofaffi. Dorian ya liƙa 'yan akwatuna a ɗakuna, su ke sauraron maɓallin su sanar da wayar Gail ɗakin da tsohuwa take. Kwana uku ke nan maɓallin shiru, har Gail ta fara nema mata gurbi a gidan tsofaffin.

"Na ɓace ina, ɗan nema? Ga ni kan kujerata. Tauraron ɗan'adam ɗin naku ne makaho."

"Tauraro ba ya leƙa cikin gida, tsohuwa. Shi ma tsoron fuskarki yake."

"Fuskar da kakanka ya tako daskararren tafki dominta? Ji mai gemu kamar tsohuwar tsintsiya!"

"Ina maɓallin?"

"Na adana shi."

Ta nuna gwangwanin biskit da take zuba allura da zare. Dorian ya dafe kai.

"Ƙarfe ne fa! Abin da muryarsa ba ta kai ta sauro ba, kika kulle a ƙarfe?"

"Sabo ne. In bar shi ya yi datti?"

"Haba Kaka, ko ƙarya ba ki iya ba."

Wallahi sai ta ba ni tausayi.

"Kullum da hantsi nakan sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, in zauna gun teburin aikin marigayi kakanka. Gail ta hana ni matakala. In abin nan ya kai tsegumi, tawa ta ƙare."

"In kika faɗi a can, wa zai ji?"

"Kakanka mana."

"Shi da ko yana raye bai taɓa jin kiranki ba?"

Ta yi dariya har da ƙwalla. Dorian ya zaro wani akwatin daga jaka.

"Zan liƙa wannan a ƙasa, in kafa wa matakalar abin riƙewa. A wayar Mama sunansa ɗakin ɗinki. In kika daɗe, wayata za ta sanar da ni, in sheƙo."

"Munafuki! Uwar taka za ka yaudara?"

"Gado na yi."

Verna ta buɗe gwangwanin, ta rataya maɓallin a wuya.

"To riƙe ni mu sauka, ka gai da kakanka."